In Ma'aikata Sun Yi Yaji, Ina Mai Ilmi Zai Tsaya?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, yau na ga ya kamata in shimfiɗa ta a wannan fili, kowa ya auna ta da hankalinsa. Maganar kuwa ta shafe mu ne, mu da mu ke kiran kanmu masu son ci gaba, watau waɗanda suka ɗan taɓa karatu, su ke kuma fata ƙasa ta gyaru, talaka ya sami sauƙi, a bar danne mai ƙaramin ƙarfi. In ana hira a zaure, ba wanda ya fi mu iya zancen adalci. Amma ran da aka wayi gari ma'aikata suka ajiye kayan aiki, suka ce ba su komawa sai an duba kukansu, sai ka ga bakinmu ya mutu. Wani ya ce ba ruwansa, rigima ce tsakanin mai aiki da ubangidansa. Wani ya ce a yi haƙuri, lokacin bai dace ba. Wani ma har ya ɗaure fuska, don yajin ya hana shi wata tafiya da ya shirya. Ni dai a ganina, duk mai son ci gaba da gaske, wurin tsayawarsa a irin wannan rana yana tare da ma'aikata da ƙungiyarsu.

Ban taɓa riƙe guduma a shagon reluwe ba, ban kuwa taɓa shiga ramin kwal ba. Abincina a bakin alƙalami ya ke, saboda haka da 'yan'uwana masu alƙalami na ke magana. Dalilan da zan kawo kuwa daga abin da ya auku a Nijeriya ne cikin 1945, don an ce da na gaba a kan gane zurfin ruwa.

Bari mu fara da yadda ma'aikaci ya ke sa'ad da ba shi da ƙungiya. A farkon 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda a ke haƙo kuza mai yawa, ga shi kuwa ana tsakiyar yaƙi. Sai aka juyo kan kuzar Jos. Da leburorin da ke zuwa don kansu suka kasa, sai aka yi dokar aikin tilas, aka yanka wa lardunan Arewa yawan mutanen da kowanne zai kawo ta hannun En'e. Aka kwashi dubban talakawa daga gonakinsu aka kai su kan dutse, inda sanyinsa ba irin wanda suka saba da shi ba ne. Ga ƙarancin abinci, ga rashin wurin kwana na kirki, ga cuta. Da yawa suka mutu can, da yawa suka gudu, ba a daina wannan abu ba sai 1944. To, waɗannan bayin Allah ba su da ƙungiya, ba su da wakili, ba wanda zai rubuta takarda da sunansu. Iyakar abin da kowannensu ya ke iyawa shi ne ya sulale da dare shi kaɗai, in an kama shi kuwa ya sha hukunci shi kaɗai.

Yanzu mu dubi waɗanda su ke da ƙungiya a wannan zamani ɗin. A 1938 Gwamnati ta yi dokar da ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiya a rubuta sunanta. Cikin na farkon da aka rubuta har da ta ma'aikatan reluwe, a 1940, shugabanta kuwa Michael Imoudu. Da yaƙi ya yi tsanani, kome ya yi tsada, tufafi da gishiri da kananzir suka yi wuya, kuɗin hayar ɗaki ya hau, sai ƙungiyoyi suka matsa, har a 1942 aka ba ma'aikatan Gwamnati wani ƙari a kan albashinsu wanda a ke kira kuɗin tsada. A 1943 aka kama Imoudu aka tsare shi da dokar yaƙi, ba a sake shi ba sai 1945. Cikin waɗannan shekaru tsada ba ta tsaya ba, kuɗin tsada kuwa yana nan inda aka bar shi, alhali ma'aikata suna gani ana ƙara wa Turawan Gwamnati kuɗin alawus.

A watan Maris na 1945 ƙungiyoyin ma'aikatan hannu na Gwamnati suka rubuta takarda, suka nemi abu biyu. Na ɗaya, a ƙara kuɗin tsada da kashi 50 cikin 100. Na biyu, kada a biya lebura ƙasa da sule 2 da sisi a yini. Amsar Gwamnati ita ce, in an ƙara kuɗi alhali kaya ba su ƙaru a kasuwa ba, tsada ce za ta daɗa hawa. Ma'aikata suka sa wa'adi. Da wa'adi ya matso, waɗansu shugabanninsu suka so a ɗaga, amma taron ma'aikata ya ƙi, Imoudu kuwa, wanda bai daɗe da komowa Ikko ba, ya goyi bayan taron. Ran 22 ga Yuni aka wayi gari jiragen ƙasa sun tsaya, aikin tashar jiragen ruwa ya tsaya, na gidan waya da na ma'aikatar ayyuka duk suka bi. Mutum fiye da 30,000 suka shiga, aka yi fiye da kwana 40 ana abu ɗaya, sai farkon Agusta aka sasanta. Gwamnati ta kawo wani Bature, Tudor Davies, ya binciki tsadar zama a ƙasar. A 1946 ya fitar da rahotonsa, ya ce a ƙara kuɗin tsada da kashi 50 cikin 100, watau daidai abin da ma'aikata suka nema tun farko, aka kuwa ƙara.

Ku duba, jama'a. Ƙasa ɗaya, Gwamnati ɗaya, yaƙi ɗaya. Na kan dutsen Jos sun sha wuyar da ta fi ta ma'aikatan reluwe nesa ba kusa ba, amma ba su iya zama da Gwamnati su yi ciniki ba. Na reluwe kuwa sai da aka ɗauko mai bincike tun daga Ingila saboda su. Abin da ya raba su ƙungiya ce. Wannan shi ne dalilina na farko. Mai ba da aiki, ko Gwamnati ce ko kamfani, yana da ajiya, yana da lauya, yana iya jira wata da watanni. Lebura kuwa abincin yau ne kaɗai a hannunsa, in ya je shi ɗaya ya yi ƙorafi, a nuna masa ƙofa, ga goma a waje suna jiran gurbinsa. Ba shi da wani abin ciniki sai ƙarfinsa, ƙarfin nan kuwa ba ya tsada sai in duk sun janye shi tare. Tsinke ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure shi ya zama tsintsiya.

Na ga wannan da idona, ko da ya ke a ƙaramin wuri. Na taɓa aiki a wata ma'aikata inda aka riƙe mana albashi wata 4. Kowa ya riƙa zuwa ofis shi kaɗai, ya rage murya, ya faɗi matsalarsa: wannan matarsa ta haihu, wancan mai gida ya ba shi wa'adi. Kowa kuwa amsa ɗaya ya ke samu, je ka ka dawo. Mai uwa a gindin murhu a ɗan gutsura masa wani abu a asirce, a ce kada ya gaya wa kowa. Ran da muka taru, daga mai shara har mai riƙe da littafin kuɗi, muka rubuta takarda ɗaya muka sa hannu duka, muka ce daga ran kaza ba mai taɓa aiki, kuɗin da aka ce babu sai ga su sun fito kafin mako ya zagayo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka fi jan ƙafa wajen sa hannu mu ne masu takardun makaranta, masu shara da masu gadi kuwa ba su ko tambayi abin da zai biyo baya ba.

Dalili na biyu ya shafi masu cewa su 'yan ba ruwanmu ne. Ina da wani aboki, mai ilmi, mai kuma son gaskiya, kullum maganarsa ita ce mai hankali ba ya ɗaukar gefe sai ya ji ta bakin kowa. Na yarda a ji ta bakin kowa. Amma in an gama ji fa? In ƙato ya danne yaro a bakin hanya, kai kuwa ka harɗe hannu ka ce ba ka bayan kowa, ai ƙaton ba ya neman abin da ya wuce haka daga gare ka. A rigimar aiki kowace rana da ta wuce tana rage abincin da ke gidan ma'aikaci, ba ta rage na mai ba da aiki sai kaɗan. Abin da mai ba da aiki ya ke jira shi ne yunwa ta gama masa aiki, mutanen gari kuwa su yi shiru har ta gama. Saboda haka shirun nan da mu ke ɗauka tamkar adalci ne, nauyi ne mu ke azawa a ma'auni, a gefen wanda ya riga ya fi nauyi.

Mutanen Ikko sun gane haka a 1945. Matan kasuwa, waɗanda shugabarsu ita ce Alimotu Pelewura, suka taimaki masu yaji da kuɗi da abinci, waɗansu masu gidaje suka ɗaga wa 'yan hayarsu ƙafa. Jaridun Nnamdi Azikiwe guda 2, West African Pilot da Daily Comet, suka tsaya bayan ma'aikata, har Gwamnati ta rufe su a watan Yuli. Da ba don wannan taimako ba, da wuya mai iyali ya yi mako 6 ba albashi bai karaya ba. Ga kuma abin lura: akawuna da yawa ba su shiga yajin ba, suka ci gaba da zuwa ofis, amma da aka zo ƙarin kuɗin tsada bai tsallake ƙananan ma'aikatan ofis ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu masu alƙalami mun daɗe muna cin irin wannan gajiyar, wanda ya ci ladan kuturu kuwa ai tilas ya yi masa aski.

Dalili na uku shi ne, abin da masu son ci gaba su ke nema ba ya samuwa da takarda kaɗai. An kafa jam'iyyar NCNC a Agustan 1944, Herbert Macaulay ne shugaba, Azikiwe sakatare. A Maris na 1945 Gwamna Richards ya fito da sabon tsarin mulki ba tare da ya shawarci mutanen ƙasa ba. 'Yan boko suka yi ta rubuce-rubuce, suka yi ta taro, Gwamnati ba ta ko girgiza ba. Ran da jirgi ya kasa tashi daga tasha, ran nan ne aka san mutanen ƙasa suna da wani ƙarfi a hannunsu. Hanyar jirgin nan kuma ita ta haɗa Ikko da Zariya da Kano, ta haɗa Inugu da Fatakwal, ma'aikatanta daga kabilu dabam dabam su ke, ga shi sun yi magana da murya ɗaya. Shugabannin NCNC sun ga haka, shi ya sa da suka tashi zaga ƙasa a 1946 don neman goyon baya a kan tsarin Richards, suka tafi da Imoudu. A wannan tafiya ce ciwo ya kama Macaulay a Kano, aka mai da shi Ikko, ya rasu a watan Mayu. Kuɗin da aka tara, wajen fam 13,000, da su aka tura wakilai Landan a 1947. Mai ilmi yana iya tsara kuka ya rubuta shi da kyau, amma ma'aikaci ne ya ke iya sa a tsaya a saurara.

Na san abin da za a ce, ban kuwa raina shi ba. Za a ce yajin aiki talaka ya ke cuta. Gaskiya ne. Da jirgi ya tsaya a 1945, kayan fatake sun kwana a tasha, wasiƙa ba ta isa ba, mai tafiya ya rasa abin hawa. A zamaninmu kuwa in ma'aikatan asibiti ko malaman makaranta suka yi yaji, ɗan talaka ne ya ke fara ji a jikinsa, don mai hali yana da inda zai kai nasa. Wannan abin baƙin ciki ne, ma'aikatan da ke kula da rayuka kuwa wajibi ne su bar waɗanda za su tsaya kan mai ciwon da ba ya jira. Amma a tambayi wanda ya kai magana har nan. Tsakanin takardar Maris da yajin Yuni akwai wata 3 cur, ƙofa tana buɗe, wanda ke da ikon amsawa bai amsa ba. Ba mai iyalin da ke barin albashinsa don nishaɗi. In an ga wahalar da tsayawar aikinsa ta jawo, to, an ga girman abin da ya ke ɗauke da shi kullum ba a gode masa ba. Matan kasuwar Ikko suna cikin waɗanda yajin ya taɓa cinikinsu, duk da haka sun san inda za su aza laifi.

Za a kuma ce shugabannin ƙungiya ba duka ne na kirki ba, waɗansu da wuyan ma'aikata su ke hawa su nemi nasu. Wannan ma yana aukuwa. Amma ba a rushe gida don ɓera ya shiga rumbu. Ƙungiya ta ma'aikata ce, su ke zaɓe, su ke tuɓewa, mun kuwa ga yadda a 1945 taro ya ƙi bin shugabannin da suka ja da baya. Goyon bayan da na ke nufi bai hana faɗin gaskiya ba. In ƙungiya ta nemi abin da bai kamata ba, ko ta taɓa dukiyar mutane, ko ta doki wanda ya ƙi bin ta, a gaya mata. Sai dai shawarar wanda aka gani a tsaye tare da kai ran wuya ita ta ke shiga kunne. Wanda ba a taɓa jin muryarsa ba sai ran da ya zo tsawata wa mai rauni, ba wanda zai saurare shi, bai kuwa cancanci a saurara ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta lokaci, kuma ita ta fi nauyi. Kwal ɗin da jiragen ƙasa su ke ci su jawo gyaɗar Kano zuwa bakin teku daga ramukan Inugu a ke haƙo shi, ramukan kuwa na Gwamnati ne. A Nuwamba 1949 mahaƙan suka sami saɓani da masu kula da ramukan a kan kuɗin da su ke ganin suna bi, suka rage saurin aiki. Aka kori waɗansu, sauran suka zauna cikin ramuka suka ƙi fita don kada a kawo waɗansu a maimakonsu. Ran 18 ga wata aka tura 'yan sanda ramin Iva Valley su kwashe nakiyar fasa dutse da ke ajiye can. Wani Baturen 'yan sanda ya ba da umurni aka buɗe wuta, aka kashe mahaƙa 21, aka raunata 51. Sa'an nan ne shugabannin siyasa na Ikko, waɗanda suka daɗe ba su ga maciji da juna, suka haɗu suka kafa kwamiti ɗaya, aka kuma naɗa alƙali Fitzgerald ya binciki abin. Haɗuwar ta yi kyau, amma ba ta ta da ko mutum ɗaya daga kabari ba. A ganina, da idon ƙasa yana kan ramukan nan tun makon farko, da an yi tunani sau biyu kafin a ɗaga bindiga. Mai ƙarfi ya fi sakin hannu inda ya tabbata ba mai kallonsa.

Kada kuma a ce wannan labarin zamanin Turawa ne, ya wuce. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kome ya hau, alhali mafi ƙarancin albashi yana naira 30,000 tun 2019. Sai da manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka tsai da aiki a farkon Yuni 2024, sa'an nan a watan Yuli aka mai da shi naira 70,000. Hujjar da aka ba kakanninmu a 1945, cewa ƙarin albashi tsada zai jawo, an sake jin irinta, wanda a ke cewa ya yi haƙuri kuwa bai sake ba.

To, mene ne aikinmu? Ba mai wuya ba ne. Mai iya rubutu ya nemi takardar bukatun ma'aikata ya karanta da kansa, ya bayyana wa mutane abin da ke ciki, kada ya bar su da jita-jita. Mai iya lissafi ya auna albashin da kuɗin mudun hatsi da na haya, ya fitar kowa ya gani. Lauya ya tsaya wa wanda aka kama ko aka kora. Mai ɗan hali ya aika da kwano gidan maƙwabcinsa da ke yaji, mai gida ya ɗaga ƙafa. Wanda aka yi wa tayin gurbin mai yaji ya ƙi, ko da yana bukata, don gemun ɗan'uwansa ne ya kama wuta. A kuma yi duk wannan tun ran farko, tun ba a kai ga abin da aka kai a Inugu ba.

Wanda bai yarda da ni ba, ga fili, ya rubuto nasa dalilan, zan karanta da kunnen basira. Abu ɗaya na ke roƙo: kafin ya ɗauki alƙalami, ya tambayi mai gadin ofishinsu nawa a ke biyansa a wata, da mutum nawa ya ke ci da su, sa'an nan ya rubuta. Allah ya sa mu dace. Wassalam.